Farin Ruwa na Wamba: wane wata ya fi, kuma ana ganin namun daji a hanya?

Abu Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'a. Ni da abokaina muna shirin zuwa Farin Ruwa, ruwan nan mai zubowa daga kan dutse da ke cikin ƙaramar hukumar Wamba a jihar Nasarawa. Yarona ya matsa sai na ɗauko masa hoton biri a daji, ba na gidan zoo ba. Wane wata ya fi dacewa? Mota tana kaiwa har gindin ruwan? Kuma da gaske ana cin karo da dabbobi?

Baba Mai Kyamara:
Wa'alaikumus salam. Ka bari sai Nuwamba, ɗana. A Agusta da Satumba ruwan yana kan ganiyarsa, tun daga nesa kana jin rugugi, don daga saman tsaunukan Jos yake zubowa, tsayinsa wajen mita 150. Amma hanya duk laka ce, duwatsun kuma gansakuka ta rufe su, santsi kamar an shafa kuɓewa. Idan ka kai Maris kuwa, ruwa ya ja baya, an banka wa daji wuta, sai toka. Mota ba ta kaiwa, ƙarshen tafiyar da ƙafa ne, don haka ku ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen da ke kusa, ku sallame shi da kyau.

Maganar dabbobi, kada ka sa rai da manya, mafarauta sun daɗe da korar su. Abin da na fi gani rema ce, tana shan hantsi a kan dutse. Kafin ka gan ta za ka ga alamarta: wani farin zane a jikin dutse, fitsarinta ne da ya bushe, ga tarin kashi a ƙasa wuri guda. In ka ga haka ka zauna shiru, za ta leƙo. Biri kuwa, ka riƙa duban reshen da ke motsi alhali babu iska. Amma ku huɗu kuna tafe kuna gardamar ƙwallo, wallahi ko fakara ba za ku gani ba. Ku kama hanya da an idar da sallar asuba.

Maman Hanifa:
Malam, ni aikin jinya nake yi, abin da zan ƙara shi ne maciji. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa. A sa takalmi mai rufe idon sawu, ban da silifas, kuma kada a cusa hannu cikin kogon dutse don neman remar Baba. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau, a nufi asibiti kawai.

Abu Sadiƙ:
Na gode Baba, na gode Hajiya. Nuwamba ke nan in Allah ya kai mu. Akwai mutum ɗaya a cikinmu da bakinsa ba ya rufuwa, shi za mu bar wa gadin mota.

Baba Mai Kyamara:
Ka kyauta. Ku kuma tambayi mutanen Wamba halin da hanya take ciki kafin ku taso, kuma ka sa wayarka a leda, feshin ruwan yana jiƙa mutum tun bai ƙarasa ba.