Fanni ɗaya ko komai-da-ruwanka a aikin kwamfuta?

Ɗan Mokoyo: Assalamu alaikum yayyena. Wanda ya gama karatun kwamfuta, zai nemi aiki nan Maraɗi, ya tsaya kan rezo (haɗa kwamfutoci da juna) kaɗai, ko ya haɗa da gyara da rubuta manhaja?

Na Bagalam: Wa alaikumus salam ƙanena. Dubi masu ɗaukar aiki a garin nan: asibitocin kuɗi, makarantu, ƙungiyoyin agaji, manyan ƴan kasuwa. Mutum ɗaya suke so, shi ne na firinta, shi ne na Wi-Fi, shi ne na kyamara. Shekara biyun farko ka taɓa komai. Ka iya ɗora Windows da Linux, ka iya matse kan wayar rezo (RJ45) bisa tsarin jera launuka na T568B. Wayar rezo ta Cat6 kada ta wuce mita 100. In nisan ya fi haka, sa switch (akwatin raba layin rezo) a tsakani, in ba haka ba rezon ya dinga tsinkewa. Wuta ma ka koye ta, don Allah. Ɗaukewa da dawowarta na ƙona akwatin wutar kwamfuta, zafi na saurin kashe batirin ondular (na'urar riƙe wuta in an ɗauke) mai 12V 7Ah, ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka har injin ya riƙa mutuwa da kansa.

Hajiya ta Ali Ɗan Sofo: Gaskiya ne Malam, amma kada yaron ya dawwama a nan. Mai taɓa komai kullum a ƙananan ayyuka yake ƙarewa, bankuna da kamfanonin waya kuwa gwani suke nema. In rezo ka zaɓa, ɗana, nufi CCNA, jarrabawar rezo ta kamfanin Cisco mai lamba 200-301. Kuɗinta dalar Amurka 300, takardar na aiki shekara 3. Sauke Packet Tracer, manhajar koyon haɗa rezo, kyauta ne. Fara da rabon adireshin IP (lambar kowace na'ura a rezo) har ka iya shi da biro da takarda, sannan VLAN (raba rezo ɗaya gida-gida), sannan OSPF (tsarin zaɓar hanyar da saƙo zai bi). Masu haddace tambayoyi kan ci jarrabawar, amma a ba su router (na'urar haɗa rezo da wani rezo) a hannu sai su tsaya cirko-cirko.

Na Bagalam: Hajiya, a ƙara masa router na kamfanin MikroTik, shi masu sayar da tikitin Wi-Fi a unguwanni suka fi sawa. Ka iyakance wa kowane tikiti gudunsa, kar mutum ɗaya ya shanye layin. In ka jona router na biyu, kashe DHCP ɗinsa (mai raba wa wayoyi adireshin IP) tukuna. Guda biyu a layi ɗaya kan sa wasu wayoyi su kama Wi-Fi amma intanet ta ƙi buɗewa.