Katin kariyar da na zana ya kashe mana wasa, a taimaka da gyara

Ɗan Binuwai, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ni da abokaina biyu muna haɗa wasan kati namu na kanmu, na yaƙin sararin samaniya. Kowa yana da tasha guda mai shawagi kusa da duniyar Mars, ranta maki 20, kuma kowane zagaye cajinka yana ƙaruwa da ɗaya, da shi kake fitar da jirage da makamai. Kati 40 kowa yake da su. Da kwalin sukari muka yanka, milimita 63 da 88, daidai girman katunan wasan nan mai suna Magic.

Damuwata kati ɗaya ce, wanda na sa wa suna Ganuwar Lantarki. Kuɗinsa caji 2, kuma abin da na rubuta a jikinsa shi ne: "Muddin wannan kati yana fili, babu jirgin da zai taɓa tasharka." Ranar Lahadi muka gwada a zauren gidanmu. Na kafa tawa ganuwar a zagaye na biyu, abokina ya kafa tasa a na huɗu, shi ke nan aka shiga kallon-kallo. Tun bayan la'asar har aka kira magariba, shayi ya kai na uku, ba wanda ya rasa maki ko ɗaya. Ƙanena da muka ba rubutun maki har gyangyaɗi ya yi. Ba na so in cire katin, zanen ya ci mini kwana biyu. Yaya zan yi da shi?

Mai Tarko, Marwa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙofar wasan ka kulle ka jefa makullin a rijiya. Dubi yadda manya suka yi. A Magic, wanda Richard Garfield ya fitar a 1993, akwai kati mai suna Fog, mai araha ƙwarai, yana hana duk ɓarnar faɗa, amma na zagaye ɗaya tak, daga nan sai juji. Katunan katanga na wasan kuma suna tsayawa a fili, sai dai ba sa kai hari, kuma ana iya rusa su. Ni da wasan katin Yu-Gi-Oh na tashi, a can katin Mirror Force yana share duk dodannin abokin gaba da ke tsaye a matsayin hari, amma sau ɗaya yake tashi, kuma duk da haka an daɗe ana taƙaita shi zuwa guda ɗaya a cikin duka katunan mutum. Naka yana da araha, ba ya ƙarewa, ba a fasa shi. Ko ka tsawwala kuɗin, ko ka yanka masa wa'adi, ko ka bar masa ɓaraka. Ɗaya daga ciki dole ne.

Hajjo ta Injamena:

Ni ban yarda da ƙarin kuɗi kaɗai ba. Ko ka mai da shi caji 8, jinkirta kallon-kallon kawai ka yi zuwa zagaye na takwas. Tunda wasanku na kimiyya ne, ka leƙa Netrunner, shi ma na Garfield ne, na 1996. Ɗan wasa ɗaya kamfani ne mai ɓoye bayanai, ɗayan ɗan kutse. Kamfanin yana ajiye katunan kariyarsa a kife, ba ya biyan kuɗin buɗe su sai ɗan kutsen ya doso, shi kuma ɗan kutsen yana iya biya ya fasa ya wuce. Daɗin yana nan: mai hari bai san ko zaki ne a bayan ƙyauren ba ko kyanwa, mai kariya kuma yana lissafin ko aljihunsa zai kai. Kowa na da abin yi. A naka, wanda aka kafa wa ganuwa sai dai ya naɗe hannu.

Sannan ganuwar guda nawa kuke bari a sa? Idan uku ne cikin 40 kuma ana fara wasa da kati 5 a hannu, kusan kashi 34 cikin 100 ganuwar tana hannun mutum tun daga farko. Biyu, kusan kashi 24. Guda ɗaya, 12 da rabi.

Ɗan Binuwai, Garwa:

Uku muka sa, yaya Hajjo. Kunya ta kama ni.

Baban Sadiya, Ngaundere:

Ni ban iya wasanninku ba, ɗana ne ya nuna mini wannan zance. Amma kun taɓa tsayawa kusa da dokin lamido ranar hawan salla, wanda aka yi wa lifidi? Auduga ce aka cusa aka ɗinke, tana tare kibiya, amma ta yi wa doki nauyi, ba ya sukuwa kamar sauran, kuma a zamanin yaƙi abin da mai lifidi yake tsoro shi ne wuta. Ga kariyarku nan da aibinta, tun kakanni.

Ɗan Binuwai, Garwa:

Baba, Allah ya ƙara girma, har sunan na canza. Ga sabon rubutun: "Lifidin Lantarki. Ajiye shi a kife. Idan aka kawo hari, biya caji 3 ka buɗe. Yana shanye ɓarna 4 a kowane zagaye. Duk sanda ya tare hari a ɗora masa ƙwallon dabino, na uku ya tafi juji. Makamin wuta yana ratsa shi. Muddin yana buɗe, jirgi ɗaya kawai za ka iya turawa hari." Guda biyu za a riƙa sawa. Daren jiya mun buga sau huɗu, mafi tsawo bai kai minti arba'in ba, kuma sau biyu mai lifidin ne ya sha kashi.

Mai Tarko, Marwa:

Ya yi, amma rubutun ya kai wasiƙa, a kwalin sukari sai da tabarau. Ka mai da zancen wutar alama a kusurwar kati. Kuma makaman wuta nawa ne a cikin 40 ɗin? In ɗaya ne, ɓarakar ta takarda ce kawai.

Ɗan Binuwai, Garwa:

Biyu ne, yaya. Zan ƙara na uku in na samu wani kwalin, wannan ya ƙare.