Ban da "slowly" da "bad man", me kuma Turawa ke cewa?

Ummi 'Yar Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shirin jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS, mai duba min rubutu ya ce na ishe shi da "slowly". Komai a wurina "slowly" yake tafiya, kowane mugu kuma "bad man" ne. Sannan jiya a wani fim na ji wata ta ce wa wani "creep", na duba ƙamus sai na tarar ma'anarsa sanɗa. To yaya aka yi mai sanɗa ya koma zagi? A taimaka min da kalmomi, da ƙamus ɗin da zan riƙe.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai kin faɗo kan kalmar da ta haɗa tambayoyin naki biyu. "Creep" ba tafiya a hankali ba ce kawai, tafiya ce a hankali don kada a ji motsinka. Kyanwa idan ta hango ɓera, ko ɓarawo a tsakar gida da tsakar dare. Daga nan zagin ya samo asali: mutumin da ba ya zuwa gaba da gaba, sai laɓe-laɓe, sai bin mace da ido, kina juyowa ki gan shi a bayanki. Irin wanda ganinsa ke tayar da tsigar jiki, shi ya sa suke cewa "he gives me the creeps". A Ingila kuma akan faɗe ta ga mai fadanci a gaban oga. Ki lura, idan abin ya wuce "crept" ake cewa.

Injiniya: Malam, mu ma muna da ita a wurin aiki. Kankare idan ya daɗe ɗauke da nauyi yakan riƙa lanƙwasa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, ido ba ya gani sai an auna, sunan abin "creep". Masu labarin ƙasa suna da "soil creep", ƙasar gangaren tudu tana zamowa sannu a hankali har ka ga turakun shinge sun karkace. Ummi, inda za ta yi miki amfani sosai shi ne rubutun farko na jarrabawar, wanda ake ba ku zanen alƙaluma a ce ku yi bayani. Idan farashi ya hau kaɗan-kaɗan, ki ce "crept up", ko "edged up", ko "inched up". Wannan ta ƙarshen daga inci take, santimita 2.54, wato yana matsawa inci-inci. Amma idan layin ya miƙe yana hawa ba tsayawa, "rose steadily" ya fi dacewa.

Ummi 'Yar Fagge: Allah ya saka, Injiniya. Na kwafe. To "crawl" fa? Ba ɗaya suke da "creep" ba?

Maman Sadik: A'a ƙanwata. "Crawl" rarrafe ne, na jariri, ko jan ciki. Babu ɓoyo a cikinsa. Motoci ma sukan "crawl" idan hanya ta cushe. Kuma tunda an zo nan, don Allah kada ki rubuta "go-slow" a jarrabawa kina nufin cunkoson motoci. Namu ne na Najeriya. A Ingila "go-slow" shi ne ma'aikata su riƙa jan ƙafa a aiki da gangan don a biya musu buƙata. Ni na taɓa ce wa wata baƙuwa a ofis go-slow ne ya riƙe ni, sai ta tambaye ni wace ƙungiya ce ta kira shi. Ki ce "traffic jam".

Baba Mai Ritaya: Yaran nan kun tafi kankare da motoci kun bar ƙafa. Jikata, Bature yana kallon yadda mutum yake taka ƙasa ne, kamar yadda mu ma muka raba taƙama da rangwaɗa da ɗingishi. Manomi ya wuni a gona, ya doso gida da fartanya a kafaɗa, ƙafa ta yi nauyi: "trudge". Jaki da kaya yana tafe ba sauri ba tsayawa: "plod". Tsoho irina da silifas, ƙafa ba ta barin ƙasa: "shuffle". Wanda ya ci ya ƙoshi ya fito shan iska bayan la'asar: "amble" ko "stroll". Yaron da aka aika sayo maggi ya tsaya kallon masu ƙwallo: "dawdle". Duka a hankali ne, amma na fari gajiya ce, na biyu haƙuri, na uku tsufa, na huɗu jin daɗi, na biyar kuwa bulala yake nema.

Ruwa ma haka. Famfo yana ɗiga, "drip". Ruwa siriri yana gangarowa, "trickle", har mutane idan suna shigowa taro ɗaya-ɗaya akan ce "trickle in". Sabuwar randa tana tsattsafo da ruwa, "seep". Abu mai kauri kamar ruwan ƙurji, "ooze".

Maman Sadik: Baba, ka sa na tuna aiken Sadik na jiya. Yau zan sanar da shi sunansa da Turanci.

Ɗan Zazzau: Ni shawarata mai sauƙi ce. Ki nemi thesaurus, irin littafin nan mai jera kalmomi masu kusancin ma'ana. Na Roget tun 1852 yake, kuma akwai irinsa kyauta a intanet. Ki buga "unpleasant person" ki kwashi rabonki.

Malamin Turanci: Ɗan Zazzau, a nan kam ban bi ka ba. Thesaurus zai zube mata kalmomi talatin wuri guda, ba zai gaya mata wacce ake faɗa a gaban surukai ba. Zai jera "curmudgeon" kusa da "jerk" kusa da abin da ba zan iya rubutawa a zauren nan ba. Ummi, ki riƙe Oxford Advanced Learner's, wanda wani malamin Turanci mai suna Hornby ya faro don masu koyo, ko na Cambridge da ke intanet. Suna sa alama a gefen kalma: ta hira ce, ta raini ce, ta ashar ce, ta Ingila ce ko ta Amurka. Duk kalmar da thesaurus ya ba ki, ki kai ta can a tantance kafin ki yi amfani da ita. Idan kuma kina son ganin Hausarta, ƙamus ɗin Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, na 1990, ya fi sauran da na gwada kawo misalai a jimla.

Ɗan Zazzau: Na karɓi gyara, Malam. Amma a bar ni in kawo nawa. "Leech", matsattsaku, shi ne wanda ya manne maka don abin hannunka, kaska raɓi mai jini. "Busybody" ɗan sa-ido. "Snob" mai ganin kowa a ƙasansa yake. "Bully" mai cin zalin na ƙasa da shi. "Miser" marowaci. "Backbiter" mai cin naman mutane a bayan idonsu.

Baba Mai Ritaya: Ka manta "toady", ɗan kanzagi. Asalinta "toad-eater" ne, mai cin kwaɗo. A Ingila ta da, masu tallar maganin bogi sukan zo kasuwa da yaronsu, ya yi kamar ya ci kwaɗo, wanda mutane suka ɗauka guba ne, sai maigidan ya ba shi magani ya warke a gaban jama'a. Wanda zai ci kwaɗo don maigidansa, me kuma ba zai yi ba? Kuma ku duba, waɗannan kalmomin tafiya da muka lissafa su ma sun koma zagi. "Crawler" a bakin mutanen Ingila mai rarrafe ne a gaban manya. "Drip" mutum ne mara kuzari wanda hira da shi ke sa hamma. Mai nawa kuma "slowcoach" a Ingila, "slowpoke" a Amurka, amma wannan tsokana ce, ko yaro ana gaya masa.

Injiniya: Baba, wannan na kwaɗon ban taɓa jinsa ba. Mu a ofis "yes-man" kawai muke cewa.

Anti Nas: Na shigo a makare. Abu ɗaya zan ƙara. Ummi, rabin waɗannan na fim ne da hira, ba na takardar jarrabawa ba. "Jerk" na Amurkawa ne, "git" da "prat" na Ingila, kada ko ɗaya ya shiga rubutunki. A rubutu siffa ta fi aminci: "rude", "arrogant", "obnoxious", "surly" ga mai ɗaure fuska da amsa a daƙile. Sannan ki yi hattara da "wicked". Mu nan ko malami ya cika tsanani sai mu ce "wicked" ne. A wurinsu kalma ce mai nauyi, ta mugunta ta gaske, matasansu kuma sukan juya ta su yabi abu da ita.

Ummi 'Yar Fagge: Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bari in gwada: "The price of rice creeped up while the old man trudged to the market."

Malamin Turanci: "Crept", ƙanwata. Tun da farko na gaya miki. "Creeped" sai a "creeped me out" na Amurkawa. Sannan shinkafar tana hawa ne a 'yan mintunan da tsohon ke kan hanya?

Maman Sadik: Malam, a kasuwarmu kam tana iyawa.

Ummi 'Yar Fagge: Na gyara. Anti Nas, "surly" ɗin nan ana iya faɗa wa mace, ko na maza ne kawai?

Anti Nas: Ana faɗa wa kowa. Wa kika samu?