Takardar awon mai neman ɗiyarmu

Baffa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nika nema, kuma zancen ya tsaya nan. Yaron da ka neman ɗiyarmu bazawara ya zaka wurina jiya bayan isha'i, shi kaɗai. Yac ce yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, shekara 6 ke nan yana shan magani. Ya fiddo takardun asibiti daga aljihun gaba, duk sun yi laushi don ninki, yac ce awo uku a jere ba a ga ƙwayar cutar cikin jininai ba, wai likitoci sun ce wanda yak kai haka ba ya sa ma matatai. Ita yarinyar ta sani tun watan azumi. Ni dai ban runtsa ba. Wanga zance gaskiya na?

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Alhaji, wanga har abin shawara na? Ciwon da munka gani da idonmu? Kun mance maƙwabcinmu direba da anka kawo gida kwance, wuyanai kamar sillen kara? Shekara ba ta zagayo ba matatai tab bi shi, jinjirin ma bai yi rai ba. Yarinya ta yi takaba guda, mu ɗauke ta da hannunmu mu kai ta ga ta biyu? Takarda kuwa, ko bakin kasuwa ana buga ma mutum irin wadda yaka so.

Yaya na Illela: Gwaggo a yi haƙuri, ni a ganina in awo bai ga komi ba ai ya warke ke nan. Nan wurinmu akwai mai maganin gargajiya da ka ba da jiƙo wata uku, mutane su koma asibiti a ce babu. Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta.

Anti Nas: Yaya tsaya, maganarka ta fi ta Gwaggo ba ni tsoro. Bai warke ba. Shi ma bai ce ya warke ba, ku sake karanta abin da Baffa ya rubuta.

Awo iri biyu ne. Akwai na sukar yatsa da ake yi kafin aure, layi ɗaya ko layi biyu. Wannan ba ƙwayar cutar yake nema ba, alamar da jiki ya yi na faɗa da ita yake nema, kuma in an soki yaron nan yau layi biyu za su fito. Na biyu shi ne wanda ake ɗibar jini a kwalba a ƙirga yawan ƙwayar a kowace mililita. Ana yin shi wata 6 bayan fara magani, a sake a wata na 12, daga nan duk shekara. In mutum yana haɗiyar ƙwayarsa kullum, wadda muke ce wa TLD, lissafin yana sauka daga dubbai har ya kai inda na'ura ba ta iya ƙirgawa. Amma cutar tana nan kwance cikin wasu ƙwayoyin jiki inda magani ba ya tumɓuke ta. In aka bar magani, cikin 'yan makonni za ta taso.

Masu jiƙon nan kuwa, wasu daga cikin waɗanda suke nuna takardar “babu” suna shan na asibiti a ɓoye, jiƙo ya karɓe yabon. Yahya Jammeh ya yi irin wannan a Gambiya a 2007, yana shugaban ƙasa guda, ya sa mutane suka ajiye maganinsu suka koma ga haɗinsa. Akwai waɗanda suka mutu.

Yaya na Illela: To amma na ji an ce an warkar da wani Bature.

Anti Nas: An yi. Timothy Ray Brown, a Balin ta Jamus, 2007. Sankarar jini gare shi, aka yi masa dashen ɓargo daga wani mai irin halittar da cutar ba ta iya shiga ƙwayoyin jininsa. Aikin da kansa yana iya kashe mutum, ba a yi wa mai wannan cutar shi sai in sankara ta riga ta kai shi bango. Duk duniya waɗanda suka warke ta haka 'yan ƙalilan ne.

Gwaggo: To kin gani, da bakinki. Tana nan kwance. Maciji ko yana kwana ai ba a shimfiɗa tabarma kusa da raminai.

Anti Nas: Gwaggo, nan ne zan saɓa miki, a gafarce ni. Abin da ke sa wa mace shi ne ƙwayar da ke yawo cikin jini da maniyyi, ba wadda ke kwance ba. Kuma ba zato ake yi ba, an bi ma'aurata an gani. A binciken da ake kira PARTNER an bi mutum biyu-biyu har 888 a ƙasashen Turai, ɗaya yana da ita yana shan magani, ɗaya ba ya da ita, suna saduwa ba kwaroron roba. An lissafa saduwa kusan 58,000. Sakamakon ya fito a 2016: babu ko mutum ɗaya da ya kamu daga abokin zamansa muddin lissafin yana ƙasa da 200. 'Yan kaɗan da suka kamu, da aka duba irin ƙwayar tasu, sai aka ga daga waje suka kwaso.

Auta: Anti ban ƙi taki ba, amma Turai fa kika ce. Mutanen da ke cin abinci sau uku, ba zazzaɓin sauro, ba taifot, asibiti a bakin ƙofa. Mu nan da zafin watan Afrilu kaɗai ya isa ya canza wa magani hali a aljihu. Ni ban yarda a ɗauko sakamakonsu a ɗora wa Sakkwato ba.

Anti Nas: Auta, kai da ke jami'a ka fi kowa damar dubawa. Zancen ma daga Afirka ya faro. A Rakai ta Yuganda aka bi ma'aurata 415, aka wallafa a 2000, tun magani bai wadata ba: duk wanda lissafinsa ke ƙasa da 1,500 bai sa wa abokin zamansa ba. Sai binciken da ake kira HPTN 052, ma'aurata 1,763, fiye da rabinsu a Afirka, irin su Malawi da Zimbabuwe da Kenya da Botswana. A 2011 aka ga fara magani da wuri ya rage yaɗuwa da kashi 96 cikin 100. Ragowar da suka kamu, ko dai magani bai gama danne cutar ba a farkon shansa, ko ya daina yi wa mutumin aiki. Mutanen Malawi ba su fi mu cin nama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta fito ta ce wanda na'ura ba ta ga ƙwayar a jininsa ba, babu haɗarin ya sa wa wani ta saduwa.

Batun zafi kuwa, a bar kwalbar a ɗaki cikin inuwa, kar a jefa ta a gaban mota. Shi ke nan.

Gwaggo: Duk na ji. To amsa mani wagga. Ɗan Adam na, ba na'ura ba. Ran da yat tahi fatauci yam mance kwalba gida fa? Ran da ma'aikata sunka tahi yajin aiki? Ran da Turawan da ka ba da maganin kyauta sunka ce sun gaji? Rayuwar ɗiyarmu ta rataya ga ƙwayar da wani ka haɗiya, ita ba ta da iko da maƙoshinai.

Auta: Gwaggo ta kama wuri mai ciwo. Farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje ai hankalin masu karɓar magani ya tashi ƙwarai.

Anti Nas: Wannan kam ba zan musa ba, ita ce tambayar gaskiya. Na ga mutum ya yi shekara huɗu bai taɓa fashin ranar karɓar magani ba, ya yi sabon aure bai gaya wa amarya ba, ya koma ɓoye kwalba cikin tayar da ke bayan shago, yau ya sha gobe ido ya hana shi. Da ya dawo mana tarin tibi ya riga ya kama shi. Ɓoyo shi ke karya mutane, fiye da mantuwa. Shi ya sa zuwan yaron nan wurin Baffa da ƙafarsa ya fi takardar nauyi a wurina.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce ita ba ta da abin yi. Akwai ƙwayar kariya da wanda ba ya da cutar ke sha kullum, ana ba irin waɗannan ma'aurata. Akwai ma allura, lenacapavir, sau biyu a shekara; a gwajin da aka yi wa 'yan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda a 2024, cikin sama da 2,000 da aka yi wa ita babu wadda ta kamu. Sannan ta riƙa awon kanta a kai a kai.

Inna: Ni duk ba wanga ya dame ni ba, ɗiyan da za su haifa fa?

Anti Nas: Inna, jinjiri daga uwa yake ɗauka, cikin ciki ko wajen haihuwa ko a nono. Ba ya tsallake uwa ya ɗauka daga uba. In ita ba ta da shi, ɗanta ba zai samu ba, ta shayar da shi yadda kika shayar da mu.

Malam: Na yi shiru ne don fannin ba nawa ba ne. Ta ɓangarenmu, malaman Malikiyya sun ambaci aibobin da ke ba ɗayan ma'aurata zaɓin raba aure, irin hauka da kuturta da albaras, in an ɓoye masa. Wanda ya sani kafin ɗaurin aure kuma ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Yaron ya sauke nauyin bayani. Ita kuma bazawara ce, ba a aurar da ita sai da furucin bakinta. Saura ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, wannan kuwa masana lafiya ake tambaya. Abu guda, Alhaji: amana ya kawo maka kai waliyyi, yanzu mu goma sha ne muka ji. Kowa ya ji tsoron Allah da bakinsa, ko an yi auren ko ba a yi ba.

Baffa: Malam ka yi gaskiya, na karɓi laifi. Ruɗewa ta.

Yaya na Illela: Ni dai har yanzu ina ganin a haɗa mashi da jiƙon, ba ya hana komi.

Anti Nas: Yana hanawa. Wasu saiwoyin suna wahalar da hanta da ƙoda, har maganin ƙarin jini in an haɗiye shi lokaci guda da ƙwayar yana rage mata ƙarfi. Don Allah Yaya kar ka aika masa komi.

Baffa, takardar da Gwaggo ke shakka, akwai hanyar tabbatarwa. Ba za a ba ka bayanin majinyaci a bayansa ba, amma in shi ya amince, ku tafi tare da shi da ita ranar asibitinsa, ko na koyarwa na Danfodiyo ne ko Sifeshalis, likitansa ya buɗe fayil gabanku. Ku duba kwanan watan awon ƙarshe. In ya wuce wata shida, ku roƙa a sake kafin a sa rana.

Baffa: Yac ce Talata ta sama yaka komawa. Zan kira shi in ji ko ya yarda.

Gwaggo: Ku tahi ku gani, ban hana ba. Amma ni ban sa albarkata ba tukuna. Alhaji ka turo mani ita Kanwuri gobe da hantsi, ita kaɗai, ban son kowa ya rako ta, har ke Nas.