Shawarwari ga mai bin tarihin garin Muenster

Da aka tattauna yadda za a tono tarihin Muenster, ƙaramin gari a gundumar Cooke ta jihar Texas a Amurka, shawara ta farko ita ce a fara daga layin dogo. Wasu 'yan uwa masu suna Flusche ne suka kafa garin a 1889 a gefen layin jirgin Missouri-Kansas-Texas, suka jawo manoma Jamusawa 'yan Katolika, aka ba shi sunan birnin Münster na Jamus.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan littattafan rajista na Sacred Heart, cocin Katolika na garin, kuma a ganina nan ne cibiyar aikin. An yi ibadar farko ranar 8 ga Disamba 1889, ranar da mutanen wurin ke ɗauka ta kafuwar garin. Amma tsofaffin takardun Jamusawa suna da salon rubutun hannu mai suna Kurrent, mai wuyar karantawa, don haka sai a nemi wanda ya iya shi. A kuma kula da sunaye, domin Müller kan koma Mueller ko Miller.

Wasu sun ce a leƙa maƙabarta da tsofaffin jaridu. Hira da dattawa kuwa, a yi ta yanzu tun suna raye.