Musayar waƙa: fargaba doki ce ko kura?

Malam na Aboabo
Salamu alaikum jama'ar zango. Ga buɗi, a amsa da amon "wa".

Mai kaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi, gari bai gama wayewa,
Gaba na dukan uku-uku, miyau na ƙafewa.
Mai susu, mai karɓar adashi, yana tafe, ciniki na raguwa,
Shin fargaba cuta ce, ko tana da abin morewa?

Nas ta Asawase
Sannu da ƙoƙari, Malam. Mu fara da jiki.

Akwai ƙullutu bisa kowace ƙoda, shi ke zubowa
Da adirenalin cikin jini in tsoro na tasowa.
Zuciya ta ƙara gudu, sukari daga hanta na fitowa,
Jini ya bar fata da hanji, cinyoyi yake nufowa.
Shi ya sa tafi ke sanyi, ciki ke murɗawa,
Ba ajali ne ya zo ba, jiki ne ke shiryawa.

Tun 1908 masana Yerkes da Dodson suka gani a jikin ɓeraye: a aiki mai wuya, matsi madaidaici ya fi saurin koyarwa, in ya wuce kima sai ya ɓata.

Direban Alabar
Hajiya, ina da ja.

Injin da ya ɗau zafi ba gudu yake ƙarawa,
A cunkoson Suame ma gefe ake kai shi don hucewa.
Wanda numfashi ya sarƙe, yatsu na sandarewa,
Yaya zai yi cikin trotro, motar haya, ba ƙofar tserewa?

Nas ta Asawase
Haki ne, Baba. Yana kore iskar kabon daga jini fiye da kima, sai jiri da sandarewar yatsu.

Ja ta hanci, ƙirga huɗu, ciki ne ke kumburowa,
Ɗora tafi kan cibiya ka ji tana ɗagowa.
Saki ta baki, ƙirga shida, kamar mai hura koko don kurɓawa,
Sau shida kenan a minti, minti biyar kana maimaitawa.
Firgici kan kai ƙololuwarsa cikin minti goma, sai saukowa,
In ka dira kafin nan, ka ba shi abin taunawa:
Ƙwaƙwalwa ta rubuta gudu ne ya yi cetowa,
Gobe ko tasha ka hango, gaba zai soma faɗuwa.

Malama ta Sawaba
Yaya, kin taɓo inda nake so. A nan juriyar take fitowa.

Jera abin tsoro goma, daga ƙarami zuwa mai girgizawa,
Ba kowanne maki, sifili zuwa goma, kana aunawa.
Fara da mai maki uku, kar ka yi gaggawar hayewa,
Zauna ciki har ya ragu da rabi kafin tasowa.
Maimaita kwana da kwana, sannan mataki na gaba ka yi takawa,
Mai tsallen tsani daga ƙasa zuwa sama, shi ke karyewa.
Bayan la'asar ware minti 15 na damuwa,
Takarda gida biyu: abin hannunka, da wanda sai Allah ke iyawa.
Na farko sa masa rana, na biyu addu'a da miƙawa.

Baitin "takawa" ya ɗan yi ɗingishi, a yi haƙuri. Kuma kada a kai wannan zama bakin gado, barci zai gudu.

Malam na Aboabo
Malama, an yafe ɗingishin. Saura majalisar dare.

Ataya zagaye uku, ga goro ana ɓantarawa,
Awa biyar bayan nan rabin kafeyin, sinadarin hana barci, bai bar zagayawa.
Samari masu tiramadol, kuna cewa yana kwantarwa,
In ya sake ku, fargabar da rakiya take dawowa.

Nas ta Asawase
Wannan ba da wasa zan faɗe shi ba.

In ta kai wata shida, yawancin kwanaki ba ta ɗagawa,
Barci ya ƙi, aiki ya tsaya, ta wuce gaban jurewa.
Rama da zufa da rawar hannu, maƙoshi ake dubawa,
Sinadarin tayirod in ya yi yawa haka yake kwaikwayawa.
Ciwon ƙirji mai sauka hannu, asibiti ba tsayawa,
Asibitin Komfo Anokye na da sashen ƙwaƙwalwa, ba abin kunyatawa.

Direban Alabar
To Hajiya, goro ɗaya da hantsi fa, shi ma za ki hanawa?

Nas ta Asawase
Ɓari guda, Baba, kafin azahar. Kuma "za ki hanawa" ba Hausa ba ce, sake baitin.