Riƙon Haramain ne ya kai Saudiyya sulhun Sudan, ko tsaron gida?

Malam Idi, Makka: Jama'a, ina nan kan bakana. Ƙasar nan ta ɗauki kanta uwar musulmin duniya, shi ya sa rikici na tashi take shimfiɗa tabarmar sulhu. Rabiɗa, ƙungiyar musulmin duniya, na Makka tun 1962, hedkwatar OIC, ƙungiyar haɗin kan ƙasashen musulmi, na Jidda, Sarki Fahad ya ɗauki laƙabin Hadimul Haramain a 1986. Yaƙin basasar Labanon a Ɗa'if ta Saudiyya aka ƙulla yarjejeniyar kashe wutarsa a 1989. Na Sudan ya ɓarke 15 ga Afrilun 2023, wata bai cika ba wakilan Burhan, shugaban sojojin Sudan, da na Hamidti, jagoran dakarun RSF da ke yaƙi da su, suka sa hannu kan yarjejeniyar kare fararen hula a Jidda.

Usman, Jidda: Allah gafarta Malam, ban gamsu ba. Tsakaninmu da Fot Sudan Bahar Maliya ce kawai, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mai zuba kuɗi a wuraren yawon buɗe ido bakin teku ba zai so yaƙi a ɗaya gaɓar ba. Ragunan hadaya ma da yawa a tashar Sawakin ta Sudan ake lodinsu. In uwa ce, me ya kai jiragenta Yaman a 2015, har da sojojin Sudan a ƙasa?

Malam Idi: Ɗana, Yaman ɗin hujjata ce. Wanda yake ganin shi ne babba ba zai bar Iran ta kafa sansani a ƙofar gidansa ba. Daga baya shi ɗin ya je Beijin a Maris ɗin 2023 suka shirya da Iran.

Hajiya Ladi, Jidda: Malam, Usman, ku saurare ni. Alheri ba na musunsa, mun ga jiragen ruwa sun kwaso mutane daga Fot Sudan, sojoji na miƙa musu fure a tasha. Amma dangina na Mai Wurno a jihar Sinnar ta Sudan, kuma bayan wannan sa hannun wutar ta ci gaba har ta shigo jihar. Ƙanwata da goyo a baya ta gudu, wayarta a kashe kwana da kwanaki. Babba ai shi ne wanda in ya tsawata a ji. Wa ya ji?

Usman: Hajiya, ina za a ji, kowane ɓangare yana da mai ba shi makami daga waje.

Malam Idi: Allah ya fitar da su lafiya, Hajiya. Amma ku faɗa mini, da ba a kira su Jidda ba, wace ƙasa su biyun za su yarda su je a lokacin?